Kwalemar Baba Hasiya

A gidan Alhaji Bashir da ke Nassarawa GRA ba sai an tambaya ake sanin Sha'aban ya raba ba. In aka wayi gari aka ga labulen falo a kan igiya, kujeru sun fito farfajiya ƙafafu a sama, an shanya kafet a kan katangar lambu, to Baba Hasiya ta fara kwalemar azumi, kowa sai ya nemi inda zai raɓe. Mai gidan kansa, tsohon babban ma'aikacin gwamnati da a da ake miƙewa in ya shigo ofis, a ƙarƙashin darbejiya yake shan shayinsa a wannan makon, jarida a cinya, bai isa ya ce uffan ba. Ɗaki goma sha ɗaya ne a gidan, ban da kicin da sito, kuma ɗaya bayan ɗaya take bin su, daga silin zuwa ƙasa, daga ƙurya zuwa bakin ƙofa. Tagogin irin na da ne masu gilashi jere-jere. Sai ta zare kowane, ta wanke, ta goge, ta mayar. An sha kawo mata masu taya ta, tana sallamar su, wai gugarsu ta ganin ido ce.

Ba 'yar birni ba ce. A wani ƙauye gaba da Ringim aka haife ta, kuma shekara ashirin da huɗu ke nan da ta shigo gidan a bayan mijinta Ahmadu, wanda aka ɗauka gadi, ƙullin kaya a ka, 'yarta Safiya a goye. Aka ba su ɗaki ɗaya a boskwata. Da fari wanke-wanke kawai take taya Hajiya Uwa, matar gidan, a hankali har ta zama ita ce kicin, ita ce sito, ita ake tambaya inda aka jefa makullin kowace durowa. Ahmadu ya rasu Safiya na da shekara tara, ciwon ciki na kwana uku. Hasiya ta yi takaba a ɗakin nan, wata huɗu da kwana goma tana kallon bango, har ta fara jin kamar bangon matsowa yake yi. Ranar da ta fita takaba ta kwashe komai na ɗakin ta fitar waje ta wanke. Ta gama ta ga da sauran rana, ta shiga kicin. Da la'asar Hajiya ta same ta a kan tebur tana goge fanka, hawaye na zuba, hannu bai tsaya ba.

"Hasiya, sauko ki huta mana," in ji Hajiya.

"Ki bar ni, Hajiya. In na zauna zuciyata ce ke cina. In ina gogewa kuwa sai in ji ta lafa."

Tun daga nan kwalema ta zama maganinta. Wasu in abu ya dame su sukan kwanta, wasu su nemi wanda za su yi wa faɗa, ita bokiti da tsumma take nema. Najla, autar gidan, wadda Hasiya ta goya kuma yanzu take karatun likita, ta taɓa bin ta da na'urar awon jini shekara guda cur. Ta gano a makon kwalema ne kaɗai jinin Baba ke sauka daidai. Ta zo da murnarta tana cewa masana ma sun yi rubutu a kan haka, wai gyaran gida na rage damuwa.

"Sai yanzu suka gano?" in ji Hasiya. "To sannunsu. Ɗaga ƙafarki in share."

Akwai doka guda a kwalemarta da ba ta sassautawa: duk takardar da ke da rubutun Larabci ba ta shiga shara. Ba ta yi boko ba, a allo ma ƙananan surori ta tsaya, don haka ba ta bambance aya da talla. Kwalin dabino ne, takardar turare ce, yagaggen shafin littafin addu'a ne, duk sai ta tsince su ta zuba a wani farin buhu mai tsabta, ta miƙa wa Malam Inuwa mai lambu, dattijo mutumin Kankiya, ta ce a kawar. A ƙauyen su Hasiya ƙonawa ake yi a zuba tokar inda ƙafa ba ta takawa, kuma shekara goma sha biyar tana ba shi buhun nan ba ta taɓa tambayar yadda yake yi da shi ba. Najla takan ce, "Baba, wannan fa tallan sabulu ne." Ita kuma ta ce ko tallan mene ne, da haruffan Alƙur'ani aka rubuta shi.

Safiya ce 'yar fari, kuma ita kaɗai ta rayu cikin ukun da Hasiya ta haifa. Hasiya irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa wa yarinyar suna, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. "Waccan" take cewa, ko "yarinyar nan", in abin ya matsa ta ce "ke". Najla tana ƙarama takan tsare ta da tsokana, "Baba, yaya sunan 'yarki?" sai ta ɗaga ludayi ta kore ta. Ranar da aka kai Safiya ɗakin miji a Giginyu ba ta ko leƙa ba, tukwanen biki ta zauna tana kankarewa da toka. Ranar da auren ya mutu bayan shekara huɗu, yarinyar ta dawo da akwati ɗaya, sai ta matsa mata a katifa ba ta ce komai ba. Tana son 'yar nan kamar ranta, amma ta ɗaure bakin son tam kamar buhun gero.

Sai wata ejan ta ɓullo, irin masu kai mata aiki ƙasar waje, mai zobe a kowane yatsa, ta ce akwai aikatau a Jidda, gidan mutunci, shekara biyu kawai. Hasiya ba ta so ba. Ta san aikatau ciki da bai, ta san ba kowa ke dace da uwar ɗaki irin Hajiya Uwa ba. Amma kunyar nan ta hana ta zaunar da 'yarta ta ce mata kada ki tafi, ina son ki kusa da ni. Abin da ta iya furtawa kawai shi ne, "Allah ya tsare." Wata biyar Safiya na kira duk Juma'a, daga nan ɗif. Lambar ta daina shiga, ejan ta canza gida, shekara biyu da wata huɗu babu labari. A shekarun nan biyu gidan Alhaji Bashir ya sha wanka har fentin bangon kicin ya fara koɗewa.

A watan Rajab na bana wata mata ta yi sallama a bakin get, siririya, da hijabi ruwan toka. Sunanta Mairo, mutuniyar wani ƙauye ce can bayan Damagaram, an kamo ta a Jidda aka dawo da ita, ta sauka wurin 'yan uwa a Tudun Murtala. Kwana uku ta yi tana bin layukan GRA tana tambayar masu gadi kafin ta dace.

"Ke ce uwar Safiya?"

Hasiya ta sunkuyar da kai. "Ni ce uwar yarinyar."

"Gidan da na yi aiki katanga ɗaya ne da nasu," in ji Mairo. "Sau uku na gan ta tana fito da shara. Ba zan ɓoye miki ba, Iya, ta rame, tana tari, ga tabon ƙuna a hannu. Matar gidan ta karɓe fasfo, ta karɓe waya, ƙofa kullum a kulle. Amma direban gidanmu, Yahaya, Bahaushen Sudan ne mai tsoron Allah. Ya ce in aka samu babban mutum ya zo da kansa, zai nuna masa gidan, ya raka shi inda ake kai ƙara. Ga lambarsa nan ya rubuta. Ya ce kada a dame shi da kira sai mai zuwa ya shirya, kuma duk wanda ya kira ya fara ambaton sunan Safiya, da haka zai san ba tarko aka ɗana masa ba."

Ta farke bakin hijabinta ta ciro wani ɗan ƙulli kamar laya, an naɗe shi da leda an ɗaure da baƙin zare. Hasiya ba ta kwance ba. Da hannu biyu ta ɗauke shi, ta je ta durƙusa a gaban Alhaji. Da ma zai tafi Umara da azumi ya kama, ya yi kwana ashirin, kuma likitansa ya riga ya gaya masa saboda zuciya da gwiwoyi wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Alhaji ya saurara, ya karɓa, ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, Hasiya. In sha Allahu da ita zan dawo." Ta tashi tana jin kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka. Mutumin da ya riƙe fayil-fayil na ma'aikata guda shekara talatin, ɗan ƙullin takarda ne zai gagare shi? Haka ta auna abin, kuma wa zai ga laifinta?

Don haka bana da ƙarfinta ta shiga kwalema. Ranar Asabar, saura kwana tara Alhaji ya tashi, ta fara da falonsa kamar kullum. Har 'yar waƙa take yi ƙasa-ƙasa tana kaɗe yana. Ta tsince kwalayen dabino biyu, da takardar wani turare, da kalandar bara mai hoton masallaci da ta gani a kan tebur a ƙarƙashin littattafai. Ta naɗe kalandar ta cusa a farin buhu. Kafin azahar buhun na hannun Malam Inuwa.

Ranar Talata da hantsi Alhaji ya aika a kira ta. Ta same shi a ɗakinsa, akwatin tafiya a buɗe, durowoyi duk a zare, hula a karkace, yana gumi.

"Hasiya, takardar nan ta yarinya. Ko kin ci karo da ita a wurin gyaranki?"

"Ranka ya daɗe, ai tana wurinka."

"Tana wurina, tana wurina. Na san na adana ta wuri mai kyau. Wurin ne ya shige mini."

Ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba. Ta so ta yi ihu, ta so ta ce masa tsohon banza, rayuwar 'yata ce ka ajiye ka manta kamar goro? Amma shekara ashirin da huɗu tana cin tuwon gidan nan, kuma ga idon tsohon ya kaɗa ya yi ja. Sai ta ce, "Za a gan ta, Alhaji," ta tashi ta ɗauko tsintsiya.

Abin da ya biyo baya ba kwalema ba ne, yaƙi ne. Ta koma falon da ta gama ta sake birkice shi. Ta zazzage aljihun kowace babbar riga ta Alhaji, har waɗanda bai sa ba tun ritaya. Ta zare takalma ta girgiza, ta leƙa cikin huluna ɗaya-ɗaya, ta farke ƙasan kujeru ta zura hannu har kafaɗa, ta kwanta rub da ciki ta haska ƙarƙashin gado. Hajiya Uwa ta juye jakunkunanta goma sha a kan darduma tana salati. An kwashe kujerun mota an duba. Abin da Hasiya ke nema a idonta ɗan ƙulli ne mai leda da baƙin zare, kuma duk abin da ya yi kama da shi sai zuciyarta ta buga: ƙullin kanumfari, ƙullin jar kanwa, wata tsohuwar laya ta yaran gidan.

Ranar Laraba ta yafa mayafi ta hau adaidaita zuwa Tudun Murtala neman Mairo, ko ta haddace lambar, ko ta san wani da ya sani. Matar gidan da ta sauka ta ce ai Mairo ta wuce garinsu tun makonni uku, ba ta da waya, sunan ƙauyen ma ita ba ta riƙe ba, su Mairo dangin mijinta ne na nesa. Hasiya ta tsaya a bakin zauren nan rana na dukanta, ta rasa gabas ta rasa yamma. Da ƙafa ta dawo, ba don komai ba sai don in ta zauna a adaidaita kuka zai ƙwace mata a gaban mutane.

Kuma a karo na farko maganin nata ya ƙi ci. Tana gogewa, zuciyar na ci gaba da cinta. Da can in ta gama ɗaki takan tsaya a bakin ƙofa ta dube shi fes, ta ja numfashi, ta ji wani abu ya kwanta a ƙirjinta. Yanzu duk ɗakin da ta gama, wuri ɗaya ne ya ragu cikin wuraren da takardar za ta iya kasancewa. Tsabtar ma tsoro take ba ta. Abinci ya ƙi shiga, hannuwanta suka tsattsage saboda omo. Najla da ta zo hutun ƙarshen mako ranar Alhamis ta kama ta da ƙyar ta ɗaura mata na'ura, ta dubi lambar, ta sake aunawa.

"Baba, wallahi in ba ki kwanta ba faɗuwa za ki yi."

"In na faɗi ku ja ni gefe ku ci gaba da dubawa. Saura sito da ɗakin baƙi."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Alhaji na zaune a gaban abinci ya kasa ci. Ya tambayi Najla yau nawa ga Sha'aban, ta ce bari ta duba kalanda. Sai cokali ya faɗi daga hannunsa.

"Kalanda! Kalandar bara! Na kwance ƙullin, na ga takardar ta dunƙule, na miƙar da ita na sa a tsakanin shafukan don ta kwanta, na ɗora littattafai a kai. Har gefenta na bari a waje don in riƙa gani. Ku duba kan teburina!"

Hasiya na tsaye a bakin ƙofa da jug ɗin ruwa. Ba ta bi su falon ba, don ta san abin da ke kan teburin da abin da babu. Ta ga hannunta yana naɗe kalandar, ta ga bakin farin buhu. Ita da kanta, tana waƙa. Kwana huɗu tana zagin tsohon nan a zuci, ashe ita ce. Ta ajiye jug ɗin a hankali don kada ya fashe, ta juya, ta zura da gudu babu takalmi, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, tana kiran Malam Inuwa da muryar da ba a taɓa jin ta da ita ba.

Yana can ƙarshen lambu da tiyo a hannu.

"Malam Inuwa, buhun Asabar! Ka ƙone?"

"Subhanallahi, mi ya faru?"

"Ka ƙone ko ba ka ƙone ba?"

"Ƙonawa kuma? Ni ban ƙona sunan Allah, Hasiya. Mu malaminmu binnewa ya hore mu. Ga su can gindin lemun tsami, inda ba mai takawa. Nan nike zuba su duk shekara."

Ta dubi gindin lemun. Ƙasar baƙa ce, jiƙe sharkaf, don zafi ya fara, safe da yamma yake ba itacen ruwa. Kwana shida ke nan.

Ya ɗauko fartanya, ta ce a'a, zai sare takardar. Ta durƙusa ta sa hannu. Ta yi ta yaƙushin ƙasar nan tana watsawa gefe, farcenta ya karye ba ta ji ba. Alhaji ya iso yana dogara sanda, Hajiya da Najla a bayansa, suka tsaya cirko-cirko. Kwalin dabino ya fara fitowa, ya zama kamar tuwo. Sai takardar turare. Sai ga gara, farare, suna ta kai-kawo a ramin, Hasiya ta ce, "Innalillahi," ta ci gaba da tono. Can ta taɓo kalandar. Shafukanta masu santsi ne, ruwa bai cinye su ba, sun dai manne. Najla ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Baba, kawo in buɗe, hannunki duk taɓo ne."

Ta ɓamɓare shafi na farko, na biyu, na uku. A tsakanin na huɗu da na biyar takardar take, 'yar ƙarama, ta jiƙe amma rubutun biro na nan. Sai dai gefen da Alhaji ya bari a waje don ya riƙa gani, gara ta cinye shi tas.

Alhaji ya gyara tabarau ya karɓa. Da lambobin Larabawa aka rubuta. Ya karanta sunan Yahaya, ya karanta lambobin a hankali yana bi da yatsa, ya tsaya.

"Bakwai ne. Lambar can goma ce. Ukun ƙarshe babu."

Malam Inuwa ya tuɓe hula ya riƙe a hannu. Hajiya ta ce a bar wa Allah. Alhaji ya ce zai je ofishin jakadanci in ya isa, zai yi iya ƙoƙarinsa, amma kowa a wurin ya san Jidda ba Giginyu ba ce da za a bi gida-gida ana sallama. Hasiya na durƙushe a bakin ramin, taɓo har gwiwar hannu. Ba ta yi kuka ba, abin ya wuce kuka. Ta ji a ranta cewa ita ta binne 'yarta da hannunta, kuma don girmama sunan Allah ta yi, ta rasa wanda za ta kai wa ƙara.

"Uku kawai," ta ce. "Najla, uku kawai ba za a iya cikawa ba?"

"Baba, ba uku ba ne. In lamba uku ta ɓata, sai an gwada tun daga sifili-sifili-sifili har tara-tara-tara. Lamba dubu ke nan."

"Dubu."

"Dubu, Baba."

"Amma tasa na ciki?"

Najla ta gyaɗa kai. "Tana ciki."

Hasiya ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta karɓi tiyo daga hannun Malam Inuwa ta wanke hannuwanta har gwiwa, ta wanke ƙafafu, ta goge da gefen zani. "To rubuta mini su da boko, irin na waya, waɗanda nake ganewa. Kada ki tsallake ko ɗaya."

Najla ta yini ranar Asabar tana rubutu a littafin makaranta, lamba ɗari a kowane shafi. Ranar Lahadi ta miƙa mata, tare da tsohuwar wayarta babba da ta haɗa da intanet ɗin gidan, ta nuna mata inda ake dannawa. Alhaji zai tashi washegari, kuma duk ranar da aka dace cikin kwana ashirin ɗin nan, a aika masa lambar, zai bar komai ya nufi Jidda. Hamsin a rana ke nan.

"Shafi goma ne, Baba."

"Ɗaki goma sha ɗaya nake yi," in ji Hasiya.

"Da kin bari in na dawo ranar Juma'a na riƙa kira miki. Ko Hajiya ta taya ki."

"Wani ya kira sau ɗaya, ba a ɗauka ba, ya ce babu kowa ya wuce? A'a. Ni zan yi."

Najla ta ce a hankali, ba da tsokana ba wannan karon, "Baba, kin tuna abin da matar nan ta ce? Sai an faɗi sunan."

Hasiya ta ɗauki littafin da wayar ta tafi bayan kicin, ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Kujerun ɗakin baƙi na nan a farfajiya ƙafafu a sama, labulensa na kan igiya tun Alhamis, ga azumi gobe ko jibi, kuma tun da take a gidan ba ta taɓa barin kwalema a rabi ba. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta buɗe shafin farko, ta ɗora yatsa a kan layin sama, ta yi bisimilla.

Lamba ta farko ba ta shiga ba. Ta sake gwadawa har sau uku kafin ta ja mata layi. Ta biyu a kashe take, ta yi mata ɗigo a gefe don ta dawo kanta. Ta uku ta yi ta ringi, har ta fid da rai, sai wani namiji ya ɗauka da Larabci.

"Salamu alaikum," in ji Hasiya. "Yahaya nake nema. Ni ce uwar..."

Ta tsaya. Shekara ashirin da bakwai sunan na kwance a ƙasan harshenta. Mutumin ya ce wani abu cikin ƙosawa.

"Ni ce uwar Safiya," ta ce. "Safiya. 'Yata ce."

Mutumin ya yi wata magana da ba ta gane ba, ya kashe.

Ta zauna da wayar a cinya. Sai a lokacin hawayen suka zo, ta bar su suka zuba son ransu, ba ta share ba sai da suka fara ɗiga a kan littafin. Ta janye shi gefe don kada tawadar ta jiƙe, ta goge fuska da bakin mayafi, ta ja wa lamba ta uku layi.

Ta ɗora yatsa a kan ta huɗu.